Na Hana Baba Ciyayya

Shafi na 9

Masu turo min saƙon "Malama ina ci gaba", na ga naku duka. Kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don wannan shafin shi ne wanda ba ni da gaskiya a cikinsa, kuma ba wanda ke son ba da labarin damben da aka kayar da shi. To ga shi dai.

Ranar Talata na koma Birnin Kebbi karɓar sakamakon jinin Baba. Wanda bai biyo mu tun farko ba, ga inda aka kwana. Mako uku kafin nan Baba yana alwala a gidansa na Illo, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, harshensa ya yi nauyi. Bayan kamar awa guda komai ya saki. Shi ya ce iska ce ta buge shi. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce ta leƙo ta koma, kuma idan ta sake dawowa ba lalle ta koma ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Baba ba ya wasa da maganin hawan jininsa. Ko sau ɗaya bai taɓa tsallake ƙwaya ba.

Likita Mashkura ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Me yake ci?"

Na gyara zama, don an zo inda nake da abin faɗa. Ni malamar makaranta ce a Bagudo, kuma ina da wannan ciwon na malamai, wato ganin komai zai gyaru idan aka rubuta shi a takarda aka liƙa a bango. Shekara biyu da suka wuce, wata uku bayan rasuwar Inna, aka ce Baba yana da hawan jini, a rage masa gishiri da maiƙo. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na binne uwa ba na son in binne uba. Sai na rubuta doka na liƙa a madafar ƙanena Muzammilu, inda matarsa Ummu Salma ke dafa wa Baba abinci. Ba gishiri, ba dunƙule, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. Tuwo da miyar zogale, wake, alayyahu, shi ke nan.

Na karanto wa likita wannan duka ina jiran a ce min sannu da ƙoƙari.

"Wa ya ce ki hana shi kifi?"



Ta juyo takardar wajena ta ɗora biro a kan wani layi. Ta ce akwai wani sinadari a jinin kowa, ana ce masa homosistin. Jiki ne ke yin sa, jiki ne kuma ke rage shi, amma sai da taimakon wasu bitamin. Ɗaya B12, wanda ake samu a kifi da hanta da ƙwai da nono. Ɗaya kuma folik asid, wanda ke cikin ganye da wake. Idan waɗannan suka yi ƙaranci sai sinadarin ya taru. An lura cewa masu yawansa a jini sun fi fuskantar toshewar jijiya, kuma idan ya haɗu da hawan jini haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ya fi yawa. Ta ce ba za ta rantse min shi kaɗai ne ya jawo abin da ya faru ba, ga shekaru ga hawan jinin kansa, amma ba abin da za a kawar wa kai ba ne.

Bai kamata ya wuce sha biyar ba. Na Baba talatin da tara ne.

Ta ce ƙodarsa lafiya lau, taba kuma ba ya sha. Ƙarancin B12 da ta gani a jininsa ta gane dalilinsa, takardata ta bango ce. Na sunkuyar da kai. Amma ta ce akwai abin da bai shiga kanta ba. Mutumin da ke cin zogale da wake kullum, bai kamata folik asid ɗinsa ya yi ƙasa haka ba.

"Malama, kin taɓa zama kin ga ya cinye abincin nan da idonki?"

Ban taɓa ba. Ni 'yar fari ce. Tun da nake Baba bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" nake, da na fara koyarwa na zama "Malama". Duk abin da ke tsakanina da shi ta bakin Inna yake bi.

Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in kawo shi ranar Alhamis a fara masa allurar B12. Maganin hawan jini ya ci gaba, gishiri a rage amma ba a mayar da abinci dusa ba. Sannan ta ce idan hannu ko baki ko harshe ya sake yin wani abu, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya shafa man zafi, a taho da shi a take.

Tun daga tasha har muka haye gadar Tuga ina haɗa wa Ummu Salma shari'a a raina. Na gama yanke hukunci kafin mu kai Kaoje. Ganda ce, ba ta dafawa, ta mayar min da uba abin wasa don ta ga mijinta kullum yana hanyar Malanbil, can tsallaken iyaka, da lodi. Kowa ya san ni a gidanmu, idan na hau ba na jin kira.

Bayan la'asar na isa Illo. Ko jaka ban ajiye ba na faɗa madafa. Ummu Salma tana tsinke zogale, takardata na nan a bango, hayaƙi ya mayar da ita ruwan ƙasa. Ta yi min sannu da zuwa, ban amsa ba. Na zazzage mata duk abin da na ƙunso, har da wanda ban shirya ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ajiye faifan.

"Yaya, shekara biyu ban taɓa hwashin kwanon Baba ba, Allah na shaida. Kullum shina dawowa a wanke."

"To ina cimakar ka tahiya?"

Ta dubi ƙofa, ta dube ni. Ta ce Baba ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ita kuma suruka ce, ba ta da bakin da za ta tona shi. Ta ce sau biyu ta kira ni da niyyar faɗa, sau biyun ina ɗauka da tambayar ko an bi takarda, sai ta ce an bi ta kashe wayar.

"Kwanon rana na can ɗakinai, bai taɓa ba tukuna. Ki laɓe bayan rumbu ki gani da idonki."

Na laɓe bayan rumbu a gidan ubana, ina mace mai shekara talatin da takwas.

Ba a jima ba Baba ya fito daga ɗaki da kwano a hannu. Sai a ranar na ga yadda riga ta yi masa yawa. Yana tafiya yana ɗaga ƙafa a hankali, don ya daɗe yana cewa tafin ƙafarsa na yi masa kamar ya taka auduga. Ya wuce turken da ke gindin mangwaro, inda tunkiyar Inna take ɗaure. Inna ce ta saye ta tana 'yar ƙarama a kasuwar Lolo, shekarar da za ta rasu. Kullum na zo sai na yaba ƙibar tunkiyar nan, har ina cewa Muzammilu ya iya kiwo.

Baba ya jawo kujerar Inna ta tsuguno ya zauna. Ya buɗe kwanon, ya yi bisimilla, ya yanki loma ɗaya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya tura kwanon gaban tunkiyar.

"Bisimilla, ke ma sa hannu."

Tana ci yana ba ta labari. Ya gaya mata ruwan Kwara ya fara ja da baya, ya gaya mata an ce shinkafar bana ta yi kyau a fadama. Ya tambaye ta ko ta ji an ce abokinsa Abu ba shi da lafiya can Dole Kaina. Ita kuwa tana ta lasar miyar zogale.

Ban san lokacin da na fito ba. Da ya ga inuwata ya ɗago, ya yi sauri ya jawo kwanon ya rufe, kamar yaron da aka kama yana satar ƙuli. Wannan rufe kwanon ya fi komai yi min ciwo.

Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi. Ya amsa yana kallon turke. Na tambaye shi me yake ci ke nan duk tsawon nan. Ya ce koko da safe, shayi da burodi idan rana ta yi, kuma ba ya jin yunwa. Na gaya masa abin da likita ta ce, na yi masa bayanin sinadarin da ya taru a jininsa yadda zai gane. Ya saurara har na kai aya, ya ce Allah shi kyauta.

"Baba, miyar ta ba ta da daɗi?"

"Miya ba ta da laihi. Ɗiyar mutane na ƙoƙari."

"To mi na na?"

Ya shafa kan tunkiyar. Na ɗauka ba zai amsa ba.

"Malama, ni ban iya ci ni ɗai ba. Tun ina ɗan shekara goma cikin jirgin ubana, hannu biyar ka shiga kwano guda. In na zamna ni ɗai, loma ta hwari na wucewa, ta biyu sai ta tsaya nan."

Ya nuna maƙogwaronsa.

A nan ne zan gaya muku abin da na ɓoye tun shafi na ɗaya. Takardar bango ba ita kaɗai ce dokata ba.

Shekara arba'in da wani abu Baba da abokansa huɗu suna ciyayya a ƙofar gidan Baba Ɗanmusa, gindin dogon yaro. Bayan magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a jera a tabarma, a buɗe ɗaya a cinye tare sannan a jawo na gaba. Ba a tambayar na wa ya fi nama. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, ba mai ganewa. A wurin ake sanin wa ke ciwo, wa zai aurar da 'ya, jirgin wa ya fashe.

Ni kuwa na yi lissafi irin na 'yan boko. Na ce me amfanin a dafa wa Baba miya ba gishiri, ya fita ya sa hannu a kwano huɗu masu gishiri da manja? Sai wata ranar Juma'a na yafa mayafi na tafi gindin dogon yaron nan, dattawa biyar suna zaune hannu cikin kwano. Na gaishe su, na ce don Allah su taimake ni su daina kiran Baba ci, gishirinsu zai kashe min uba.

Haka na faɗa, a gabansa.

Ba wanda ya ɗago. Baba Ɗanmusa ne kawai ya ce sun ji, Allah shi ba shi lafiya. Baba ya zare hannunsa daga kwano, ya ce bari ya je ya wanke hannu. Ya tashi ya shiga gida. Ni kuwa na koma Bagudo ina jin na ceci rai.

Yanzu ga shi a gabana, shi da tunkiya.

Na ce masa ai da ya koma abinsa bayan na tafi, wa zai gaya min? Ya ce da wane ido? Mutanen da suka ci da shi shekara arba'in, 'yarsa ta tsaya a kansu ta ce su ke kashe shi. Idan ya koma ya sa su cikin zargi, ranar da ya faɗi a ce su ne. Idan kuma ya tsawata min a gabansu ya kunyata ni. Sai ya zaɓi ya zauna a gida. A masallaci suna gaisawa, a nan take tsayawa.

Ya lissafa min su da yatsa. Ma'azu ya rasu da azumin bara. Muktar ya bi shi da kaka. Abu ya koma wurin ɗansa a Dole Kaina. Saura Ɗanmusa.

"Ranar da Ma'azu za ya cika ya aiko a ce man in zo mu sha hura. Nic ce sai gobe, kunya ta hana ni. Goben munka kai shi."

Hawaye suka zubo min, ban share ba.

"Baba, don mi ba ka hwaɗa man ba?"

Ya dubi kujerar da yake zaune a kai.

"Da uwarki na nan, ita ka hwaɗa maki."

Na tashi na koma madafa. Na ɓalle takardar daga bango na cusa ta a murhu. Na nemi gafarar Ummu Salma, ta ce ba komai, ta miƙo min wuƙa. Na fita da kaina na samo tarwaɗa manya guda uku wurin masu dawowa daga bakin ruwa. Muka yi miyar zogale da kifi, na sa gishiri ɗan kaɗan yadda likita ta kwatanta min a tafin hannu. Muka tuƙa tuwon shinkafa. Na kira Muzammilu don ya shirya mota saboda ranar Alhamis, wayar ba ta shiga, Ummu Salma ta ce ya tsallaka Malanbil tun safe, sai jibi.

Da aka idar da magariba na kai wa Baba ƙwayoyin da likita ta rubuta ya sha. Sannan na ɗora kwanon a kaina na tsaya a bakin ƙofarsa. Na ce masa zan kai abincinsa gindin dogon yaro, ko ya zo ko bai zo ba can zan ajiye shi. Ya dube ni, ya dubi kwanon. Ya shiga ɗaki. Na ji yana buɗe akwati, ya fito da hularsa ta zuwa Juma'a a kansa.

Yana gaba ina biye. Tsakanin gidanmu da na Baba Ɗanmusa gida shida ne kawai, amma sau biyu yana tsayawa wai yana gyara takalmi. Mata na leƙowa ta katanga suna kallon malamar makaranta da kwano a ka, ni kuwa ko a jikina.

Tabarmar na nan, babbar nan ta mutum biyar. Baba Ɗanmusa yana zaune a gefe ɗaya can ƙarshe, inda yake zama tun ina yarinya, da ƙaramin kwano a gabansa bai buɗe ba. Sauran tabarmar fayau. Ashe shi ma shi kaɗai yake ci, kuma bai taɓa sauya ta da ƙarama ba.

Na sauke kwanon na durƙusa. Na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga min hannu.

"Tashi, Malama. Tsoro na ya sa ki, mun sani tun ran nan."

Sannan ya ɗaga kai ya dubi Baba da ke tsaye yana murza bakin riga.

"Usumanu, wankin hannun ga naka ya daɗe."

Baba ya yi dariya. Tun rasuwar Inna ban ji wannan dariyar ba, har da tari. Ya cire takalmi ya zauna a wurinsa na da, jikin saiwar bishiya. Baba Ɗanmusa ya tura nasa kwanon gefe ya jawo namu tsakiya, ya buɗe. Da ƙamshin kifin ya tashi ya ce lalle yau an tuna da Sarkawa masunta. Ya miƙa wa Baba buta, suka wanke hannu.

Na koma cikin zaure na tsaya inda ba za su gan ni ba, don na san Baba ba zai ci ina kallo ba. Amma ina leƙe ta jikin ƙofa. Ina so sau ɗaya a rayuwata in ga loma ta biyu ta wuce.

A ciyayyarsu babba ke fara sa hannu, kuma Baba ya girmi Baba Ɗanmusa da shekara guda. Don haka Baba Ɗanmusa ya naɗe hannun riga yana jira.

"Bisimilla, Usumanu."

Baba bai motsa ba.

"Ko sai an yi ma kiɗi? Tuwo na hucewa."

Baba yana kallon hannunsa na dama da ke kan gwiwa, ruwan buta na ɗiga daga yatsun. Na ga kafaɗarsa ta yunƙura, hannun bai tashi ba. Ya sa na hagu ya ɗago shi, ya saki, ya faɗo kan tabarma.

Ya juyo da fuskarsa wajen zaure, daidai inda na laɓe, ashe ya san ina nan. Gefen bakinsa ya zame ƙasa.

Shekara talatin da takwas ina jiran in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan.

"Ama... Amatullahi."